Sabuwar Manhaja, Tsohuwar Tambaya: Me Malamin Nazarin Zamantakewa Zai Tambayi Yaranmu?

A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa da ƙaramar minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta bayyana sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare. An rage yawan darussan da aka ɗora wa yaro, an dawo da Tarihin Nijeriya a matsayin darasi na dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma an haɗe tarihi da ilimin zama ɗan ƙasa da nazarin zamantakewa cikin darasi guda. Tun daga lokacin ake ta muhawara a kan darasin da aka cire da wanda aka shigar, da littattafan da iyaye za su sake saye, da kuma ko makarantu sun shirya. Duk waɗannan batutuwa ne masu nauyi. Sai dai akwai wani da kusan ba a taɓo shi ba, alhali shi ne zai yanke hukuncin ko sabuwar manhajar za ta yi amfani: wace irin tambaya malami zai yi wa yaro bayan ya gama bayani?

Manhaja takarda ce da ake rubutawa a Abuja. Abin da ke isa ga ɗalibi a Gumel ko Funtuwa ko Azare shi ne abin da malaminsa ya rubuta a allo, da abin da ya tambaye shi a gwajin mako da jarrabawar ƙarshen zango. Yaro kuwa yana da wayo. Cikin makonni kaɗan yake gane abin da malaminsa ke nema, kuma shi zai riƙa tanada. Idan ranaku da sunaye ake tambaya, su zai haddace. Idan dalili ake nema, dole ya koyi neman dalili. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk kuɗin da za a ware don horar da malaman wannan darasi, a fara kashe shi a kan koya musu rubuta tambaya mai zurfi, domin a nan ne manhaja ke rayuwa ko ta mutu.

Darasin da aka yi ta sauya wa riga

Nazarin Zamantakewa, wanda yara ke kira Soshiyal, baƙo ne da ya daɗe a gidanmu. Daga Amurka ya samo asali, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gwada shi a ƙasar nan ita ce makarantar sakandare ta Aiyetoro, a jihar Ogun ta yau, wadda aka buɗe a 1963. Taron da ƙasashen Afirka suka yi a Mombasa ta Kenya a 1968 ya ƙarfafa shi, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya karɓe shi, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba shi mazauni na dindindin. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a 1970 tana neman darasin da zai koya wa yaro yadda ake zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, da yadda ake fahimtar hukuma, kasuwa, iyali da muhalli.

Daga nan darasin bai huta da sauyi ba. A zangon karatu na 2009/2010 an cire Tarihi daga manhajar ilimin bai-ɗaya, aka ce Nazarin Zamantakewa zai ɗauki abin da ya sawwaƙa daga cikinsa. A gyaran da hukumar NERDC ta yi a 2012 an cusa shi cikin rukuni guda tare da ilimin ɗan ƙasa, ilimin tsaro da darussan addini. Masu karatu za su tuna hayaniyar da wannan haɗin ya jawo a 2017, lokacin da Musulmi da Kirista suka nuna rashin amincewa, har gwamnati ta ba da umarnin a ware darussan addinin kowane ya tsaya da kansa. A watan Nuwamba na 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, aka ƙaddamar da dawo da Tarihi, tare da sanarwar horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Yanzu kuma ga gyaran 2025.

Cikin shekara goma sha biyar an sauya wa darasin suna da mazauni har sau uku ko huɗu. Amma duk wanda ya ɗauki takardar jarrabawar ɗansa ta bana ya ajiye kusa da tasa ta shekara talatin da suka wuce, zai ga kamar uwa ɗaya ta haife su: “Mene ne iyali?” “Lissafa ire-iren aure.” “A wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa?” “Ƙananan hukumomi nawa ne a Nijeriya?” Kiɗa ya sauya, rawa ba ta sauya ba.

Tambaya hawa-hawa ce

Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. A 1970 wani masanin ilimi Ba'amurke, Meredith Gall, ya tattara binciken da aka yi na shekaru a kan tambayoyin malamai a aji, ya gano cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na tambayoyin tuno abin da aka faɗa kawai suke nema, kashi 20 na tafiyar da aji ne, irin su “kun buɗe littafi?”, kashi 20 ne kaɗai ke sa ɗalibi ya yi tunani. Kafin wannan, a 1956, Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago da abokan aikinsa sun kasa manufofin koyo gida shida, aka kuma sake gyara tsarin a 2001: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka sani, warware abu zuwa sassansa, auna shi a yanke hukunci, da ƙirƙirar sabo. Duk wanda ya yi karatun NCE a kwalejin ilimi ya ji sunan Bloom. Abin takaici shi ne, da yawa sun haddace matakan shida ne don su amsa tambayar “Lissafa matakan Bloom”, wadda ita kanta tana matakin farko.

Bari mu ga bambancin da misalai daga abin da manhajar ke koyarwa.

A darasin sufuri da kasuwanci, malami na iya tambaya: a wace shekara layin dogo ya iso Kano? Amsa ita ce 1911, aka buɗe shi ga harkar kaya a 1912, shi ke nan magana ta ƙare. Amma akwai labari a bayan wannan shekara. Turawan mulki sun shimfiɗa layin ne da fatan Arewa za ta ciyar da masaƙun Ingila da auduga. Sai manoman ƙasar Kano suka juya ga gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har aka kai ga dalar gyaɗa. Malamin da aka horar zai ba yara waɗannan bayanai, sannan ya ce: “Kai manomi ne a Dawakin Kudu a 1913, gonarka ɗaya. Auduga za ka shuka ko gyaɗa? Kawo dalili biyu.” A nan yaro zai tuna cewa gyaɗa ana cin ta idan kasuwa ta faɗi, auduga kuwa ba a ci. Wani zai gano cewa masaƙan gida suna sayen auduga da daraja, don haka babu dalilin kai wa Bature da arha. Yaron da ya amsa wannan ya fahimci yadda farashi da kasada ke juya shawarar talaka, kuma ba zai manta da 1912 ba, domin shekarar ta sami labarin da za ta rataya a jikinsa.

A darasin mulki, tambayar da aka saba ita ce adadin ƙananan hukumomi, amsa 774. Tambaya mai zurfi za ta ce: a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Waɗanne abubuwa uku za ka duba a garinku don ka san ko hukuncin ya kawo sauyi, kuma wa za ka tambaya? Yaro zai fara tunanin rijiyar burtsatse, asibitin sha-ka-tafi, albashin malaman firamare, da kansilan mazaɓarsu da bai taɓa sanin sunansa ba.

A darasin muhalli, maimakon “Mene ne ambaliya?”, a ce: madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a 1994, ta sake ɓallewa a watan Satumba na 2024. Cikin abubuwan da suka jawo ɓarnar, wanne ne ya fi ƙarfin ɗan Adam, wanne ne hukuma za ta iya hanawa, wanne ne kuma na mazauna gari? Wannan tambaya tana koya wa yaro rarrabe ƙaddara da sakaci, kuma duk al'ummar da ba ta iya wannan rarrabewa ba, za ta yi ta binne 'ya'yanta tana cewa haka Allah Ya so.

Tsauri daban, muguntar tambaya daban

Wajibi ne a fayyace abin da ake nufi da tambaya mai tsauri, domin akwai malaman da suka ɗauka cewa gwaninta ita ce kayar da ɗalibai. Tambayar sunan wani hakimi da aka ambata sau ɗaya a gefen shafi tana da wuya, amma ba ta da zurfi. Haka tambayar da aka lulluɓe da manyan kalmomin Turanci don yaro ya rikice. Tambaya mai zurfi tana da alamomi da kowane uba zai iya dubawa. Ba a samun amsarta a jimla ɗaya ta littafi. Tana ba yaro abin da zai yi aiki a kansa, kamar taswira, jadawalin farashi, gajeren labari ko maganganun mutum biyu masu saɓani. Tana neman ya faɗi matsayinsa ya kuma kafa hujja. Sannan malamin ya riga ya rubuta wa kansa yadda amsa mai kyau, matsakaiciya da mai rauni za su kasance, tun kafin ya karɓi takardun.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da tambayoyin tunawa. Wanda bai san cewa Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris na shekarar, kuma an haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba, ba shi da tubalin da zai gina hujja da shi. Tunani ba ya tsayuwa a kan iska. Abin da muke ƙi shi ne a tara tubali shekara tara ba a taɓa ɗora ɗaya a kan ɗaya ba.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wasu iyaye, idan suka ji ana sukar hadda a makarantar boko, sai gabansu ya faɗi, su ɗauka da tsangaya ake. A kwantar da hankali. Nassin da ake son kiyaye lafazinsa harafi da harafi, hadda ce hanyarsa, kuma babu mai jayayya da wannan. Amma ko a zaurukan malamanmu, bayan hadda akwai fiƙihu, kuma fiƙihu da mas'ala ake koyonsa: a kawo hali, a tambayi hukunci, a sauya wani sashe na halin a sake tambaya. Imamu Bukhari ya ware babi a Littafin Ilimi na Sahihinsa a kan shugaba ya jefa wa mutanensa tambaya don ya gwada saninsu, ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi, ya bar su suna ta laluben amsa kafin ya faɗa musu dabino ce. Malaman hadisi kuma sun gina ilimi sukutum a kan tambayoyin da malamin tarihi na yau ke son ɗalibinsa ya iya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riske shi kuwa, kuma amintacce ne?

Ibn Khaldun, wanda ya rayu daga 1332 zuwa 1406, wanda kuma masana zamantakewa na Gabas da Yamma ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin magabatan fanninsu, ya yi kukan wannan matsala a Muƙaddimarsa. Ya bayyana ɗaliban da ke shafe shekaru a majalisin ilimi shiru, ba sa magana ba sa tattaunawa, himmarsu duk a kan hadda, su tashi ba su mallaki fannin ba. A ganinsa hanya mafi sauƙi ta mallakar ilimi ita ce sakin harshe da tattaunawa da muhawara a kan mas'aloli. Ya ma kwatanta cewa muddar zaman ɗalibi a makarantun Magrib shekara 16 ce, a Tunis kuwa 5, ya danganta tazarar da ingancin koyarwa. Wanda ya karanta wannan ya leƙa ajinmu na yau, zai ce da mu yake.

Saboda haka malamin da ya koya wa yaro tambayar “me ya sa?” da “ina hujja?” bai koya masa rashin kunya ba. Ladabi a yadda ake tambaya yake. Hausawa da kansu suka ce matambayi ba ya ɓata.

Yadda horon ya kamata ya kasance

Mun san irin bitar da aka saba: a tara malamai ɗari biyu a babban ɗaki kwana uku, wani ya yi ta karanto musu bayani daga majigi, a raba jaka da takardar shaida da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Irin wannan bita ita ma hadda ce, manya kawai aka yi wa. Rubuta tambaya sana'a ce kamar ɗinki, kuma ba a koyon ɗinki da sauraro.

Horon da zai yi tasiri daga takardun malaman kansu zai fara. Kowa ya zo da tambayoyin da ya yi a zangon da ya wuce, a baje su, a jera kowace a matakinta. Yawancin malamai a nan za su fara ganin inda suke, kuma gani ya kori ji. Daga nan kowa ya ɗauki tambayoyinsa biyar ya ɗaga su hawa ɗaya ko biyu, abokan aiki su gwada amsawa, su nuna masa inda lafazi ya yi duhu ko inda tambayar ta ba da amsar kanta. Sai ya koma aji ya gwada, ya dawo da amsoshin yara na gaskiya, a zauna a duba abin da suka fahimta da abin da ya kuɓuce musu. Wannan zagaye, idan ana yin sa sau ɗaya a wata a tsakanin makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna, ya fi bitar otal goma.

Ba sabon tsari muke ƙirƙira ba. Malaman Japan sun daɗe suna haɗuwa su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan su tattauna. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 da taimakon hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna, Neja da Filato, ya shigo da wani abu na wannan ruhi, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna ta san shi ciki da waje. Abin da ake buƙata shi ne a shimfiɗa wa malaman zamantakewa da tarihi irin wannan tabarma. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ba kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, tana da kason horar da malamai da take turawa ta hannun hukumomin SUBEB na jihohi. Sharaɗi guda zai iya sauya abubuwa da yawa: kada a biya kuɗin bita sai an ga tambayoyin da malamai suka rubuta kafin horo da bayansa.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, ta naɗi muryoyin azuzuwa masu yawa, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malami kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani. Da aka koya wa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Tambaya mai zurfi ba ta da amfani idan ba a ba yaro sararin tunani ba.

Tushen gyaran kuwa yana kwalejojin ilimi, irin su ta Shehu Shagari a Sakkwato da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da tsangayoyin ilimi na jami'o'i. Ɗalibin da malaminsa na kwaleji ya sayar masa da takardun darasi ya ce ya haddace, shi ma abin da zai yi wa yara ke nan. Ya kamata hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ta sa rubuta tambaya da tsarin ba da maki su zama abin da ake dubawa da gaske a lokacin koyarwar gwaji, hukumar TRCN mai rajistar malamai kuma ta sa shi cikin jarrabawarta ta cancanta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duwatsun da ke kan hanya

Ba za mu yaudari kanmu ba, akwai cikas guda huɗu da duk mai tsara wannan aiki zai ci karo da su.

Na farko sanin malamin kansa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma darasin da ya shafe mu a nan a fili yake: wanda bai san labarin auduga da gyaɗa ba, ba zai iya rubuta tambaya a kansa ba. Dole horon ya haɗa dabara da ilimin fannin, a kuma ba malamai kayan aiki, wato taswirori, alƙaluman ƙidaya, da gajerun bayanai daga tarihin garuruwansu.

Na biyu harshe. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke wannan manufa aka koma Turanci. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta tushe. Yaron da ke iya yi wa kakarsa bayanin dalilin tsadar masara da Hausa tiryan-tiryan, idan aka ce ya faɗa da Turanci sai ya yi shiru, a rubuta masa sifili a tunani alhali a harshe ya faɗi. Ko mene ne hukuncin Abuja, malami mai hikima zai bar yara su tattauna tambayar da harshen da suke tunani da shi, sannan ya taimake su su zuba amsar cikin Turanci.

Na uku cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin yara 35 zuwa 40 ga malami ɗaya, amma a makarantun gwamnati na manyan biranenmu aji mai yara ɗari ba abin mamaki ba ne. Malamin da ke da irin wannan aji huɗu ba zai iya duba dogon rubutu ɗari huɗu kowane mako ba. Mafita ita ce tambaya ɗaya mai zurfi a mako, a amsa ta rukuni-rukuni, ko a layi uku kacal: matsayina, hujjata, abin da mai saɓa mini zai ce. Ko tambayar canki-canka ana iya zurfafa ta, idan aka ba yaro ɗan jadawali aka ce ya zaɓi maganar da alƙaluman suka tabbatar.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi, jarrabawar waje. Malami yana koyar da abin da za a tambayi ɗalibansa a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da ta WAEC da NECO, mai makarantar kuɗi kuma sakamako yake sayarwa. Muddin tambayoyin shekarun baya suna maimaita kansu, littafin tsofaffin tambayoyi zai ci gaba da zama manhaja ta gaskiya. Yanzu da gwamnati ta bayyana aniyar mayar da waɗannan jarrabawa kan kwamfuta, akwai haɗarin a ƙara karkata ga tambayoyin da na'ura ke saurin dubawa. Jihohi suna da iko a kan jarrabawar aji uku da suke shiryawa da kansu. Idan ma'aikatar ilimi ta jiha ta sanar tun farkon shekara cewa kashi ɗaya cikin huɗu na makin zai fito daga tambayoyin hujja, ta kuma raba misalai, cikin zango guda azuzuwa za su juya.

Sai a ƙara da taka-tsantsan. Darasin zamantakewa yana taɓa wurare masu zafi: rikicin manoma da makiyaya, ƙabilanci, zaɓe, bambancin addini. Tambayar da aka rubuta da gaggawa tana iya mayar da aji filin zargi. Wannan ma dalili ne na horo. Malamin da ya ƙware ba zai ce “wa ke da laifi?” ba. Zai ce: “Me ya faru da burtali da makiyaya a ƙaramar hukumarmu cikin shekara talatin, kuma me kowane ɓangare ke tsoron rasawa?”

Abin da ya rage gare mu

Abin da ke cikin haɗari ya wuce maki. Yaron da ke aji uku na ƙaramar sakandare a yau, nan da shekara uku ko huɗu zai kai shekara 18, ya karɓi katin zaɓe. Tun yanzu ma saƙonni na shigo masa ta WhatsApp da TikTok: hoton wata ƙasa a ce na garinsu ne, muryar da aka haɗa da na'ura, maganar malami da aka yanke kai da gindi. Amsar “ƙananan hukumomi nawa ne” wayarsa za ta ba shi cikin daƙiƙa. Abin da waya ba za ta yi masa ba shi ne ta sa ya tsaya ya ce wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema da ni. Idan aji bai koya masa wannan ba, zai koyi akasinsa a hannun masu neman ƙuri'arsa ko fushinsa.

Iyaye suna da rabonsu. A taron iyaye da malamai, bayan maganar kuɗin makaranta da rufin aji, wani ya nemi a nuna takardar jarrabawar Soshiyal ta zangon da ya wuce, a ƙirga tambayoyi nawa ne suka nemi dalili. Masu makarantun Islamiyya da ke haɗa boko da addini, waɗanda ba sa jiran izinin kowa kafin su gyara tsarin gwajinsu, su ne suka fi kowa damar fara wannan tun zango mai zuwa. A gida kuma, idan yaro ya dawo, a tambaye shi abin da aka tambaye shi yau da yadda ya kare amsarsa. Ɗalibai su ma su saba da rubuta tambaya ɗaya ta kansu a ƙarshen kowane babi, wadda littafin bai amsa ba, su kai wa malami cikin ladabi.

Gwamnatocin jihohin da suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kamar yadda Kano ta yi a Yunin 2024, suna gina azuzuwa suna ɗaukar malamai, kuma hakan abin yabo ne. Muna roƙonsu su ware wani abu kaɗan daga wannan kuɗi don zaman wata-wata na malaman zamantakewa da tarihi, su kuma umarci masu duba makarantu su riƙa karanta takardun tambaya kamar yadda suke duba rajistar halarta. An riga an raba sabuwar manhaja, kuma kowane zango akwai jarrabawar da ke jiran a rubuta mata tambayoyi. Daga takardar zango mai zuwa ya kamata a fara. Allah Ya sa mu dace.